Motar da Azariya Bai Ji Ba

Yayana Azariya ba ya ji, kuma duk wanda ya faɗa masa haka ya sayi faɗa. Kowa a layin makanikai na Kafanchan ya san zancen, daga mai walda har mai kunu, shi kaɗai ne yake ganin asiri ne. In ka yi masa magana sai ya ƙura wa bakinka ido, ya gyaɗa kai, ya ce, "Haka ne." Ka ce masa an yi haihuwa, haka ne. Ka ce masa gidansa na ci da wuta, haka ne. Na daɗe ina faɗi cewa wannan "haka ne" ɗin ita za ta kai shi kabari, kuma a wata damina saura ƙiris ta kai shi, ido na ganin ido, a kan hanyar ƙauyenmu, a hannun mutanensa.

Ni ce Joanna, ƙanwarsa. Ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu da ke gindin dutse, bayan Kagoro. Babanmu Yafet ma'aikacin jirgin ƙasa ne tun lokacin da jirgi yake jirgi, kuma abin da ya bar mana gona ɗaya ce da wata kwat ɗin kaki mai maɓallan tagulla. Azariya ne ya ɗauki kwat ɗin. Bai taɓa sa ta ba, tana rataye a ƙusa a cikin shagonsa, gizo-gizo na ta hidimarsa a aljihunta.

Sanƙarau ne ya cinye masa kunnen hagu yana saurayi. Na daman kuwa gareji ne ya yi ta gutsurarsa a hankali, yau guduma, gobe janareto, har ya zama sai ka yi ihu a jikin kuncinsa. Da aka kai shi koyon sana'a, shi da kansa ya zaɓi rewaya, gyaran wayoyin wutar mota, wai waya ba ta da surutu. Da hannu yake jin mota. Zai kifa tafinsa a kan bonet, ya lumshe ido kamar mai addu'ar buɗe sujada, ya ce maka altaneta ce, mai cajin batir, kuma ita ɗin ce. Wannan baiwar ita ta ƙara masa girman kai. Mutumin da direbobi ke bin layi a ƙofarsa, wace ce Joanna da za ta ce ya je asibiti a duba masa kunne?

Matarsa Tamar ta rasu ɗansu Celestine bai ko shiga makaranta ba, sai na ɗauko yaron ya tashi a hannuna a ƙauye. Ya girma ya zama manomin citta, dogo, mai sanyin murya irin ta uwarsa. Kun ga matsalar. Ɗa ba ya ɗaga murya, uba kuma zai gwammace a cire masa haƙori da ya ce "me ka ce?" Sai su zauna a kan benci ɗaya a tsakar gida, kowa na kallon kaji. Abin yana ƙona mini rai, don na san suna ƙaunar juna, kawai ba su da ƙofar shiga.

Abu ɗaya ne ya zama hira a tsakaninsu, kuma ba abin alfahari ba ne. Tun da 'yan bindiga suka fara shiga ƙauyukan yankinmu, samarinmu suka koma ga bindigogin toka na kakanni. Harsashinsu kuwa ƙwallayen ƙarfen nan ne na cikin boris. Azariya ya shiga tara su. Duk boris ɗin da ya mutu a layin makanikai wurinsa ake kawowa, ya fasa, ya zuba manyan a gwangwanin madara na 'yan sintiri. Amma ƙananan, masu santsi, na cikin altaneta, waɗannan dabam yake ware su. Ya wanke su da fetur, ya ƙulle a cikin tsohuwar safa, na Celestine ne shi kaɗai. In ya zo gida sai ya miƙa masa safar ya ce, "Ga shi." Celestine ya ce, "Na gode, Baba." An gama hirar wata guda ke nan.

Shi ne kuma ya ɗaura mana hon ɗin tirela a kan rufin coci, da batir da maɓalli a bayan ƙofa, don in an ga wani abu a danna. Ranar da aka gwada shi, mata suka toshe kunne, akuyoyi suka tsinke igiya. Azariya ya dafa ginshiƙin da hannu, ya yamutsa fuska ya ce ƙarfinsa bai kai yadda yake so ba.

Motar ta zo ne a farkon watan da masara ta fara fitar da gemu. Wata Asabar na sauka Kafanchan cefane, na biya ta shagonsa kamar kullum da ɗan tuwon acca a kula, sai na tarar da ita a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Baƙa wuluk, ƙofa biyu, cikinta kusan yana shafar ƙasa, gilasanta duk masu duhu, ko hanci ka manna ba ka ganin ciki. Ban so ta ba tun kallon farko. Motar da ba ta nuna fuskar mai ita, a irin wannan zamanin, ba ta yi mini ba.

Mai ita Martins ne, ɗan wani tsohon hedimasta, yana aiki a Abuja. Yaro ne mai ladabi, ban da abin da zan ce a kansa, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ni. Abu biyu yake so. Na farko eriyar rediyo, irin wadda ke fitowa da kanta daga bayan mota in an kunna rediyo, ta koma in an kashe. Tasa ta maƙale a rabi, ta karkace, motonta na ta gurnani a banza. Na biyun sai da ya buɗe bonet ya nuna da yatsa.

"Baba, wannan bawul ɗin nake so ya riƙa yin numfashi a waje," in ji shi. "A cire tiyo ɗin nan. In na canja giya, ina so mutane su ji shi, tssss! Ka gane, ko?"

Azariya ya kalli yatsan, ya kalli tiyon, ya ce, "Haka ne."

Irfan mai walda, maƙwabcinsa na shekara da shekaru, shi ne ya yi mini bayani daga baya da harshen da zan gane. Motar tana da turbo, wani abu mai hura iska da ƙarfi a cikin inji. In direba ya ɗaga ƙafa daga totur, iskar nan ba ta da wurin zuwa, sai bawul ɗin ya buɗe ya mayar da ita ciki ta tiyo, shiru, babu wanda ya ji. In aka cire tiyon, sai ta fita waje da atishawa. Wannan atishawar ce samari ke so. Amma injin ya riga ya auna iskar ya zuba mata fetur, to iska ta gudu, fetur ya rage, sai ya gangara cikin salansa mai zafi ya fashe a can.

"Anti Joanna, wallahi ba atishawa ba ce kawai," in ji Irfan. "Harbi take yi."

Aikin eriyar a gabana aka yi shi, kuma in faɗi gaskiya, kallon yayana yana aiki yana da daɗi. Ya kwance murfin but, ya zaro moton eriyar gaba ɗaya, ya buɗe shi a kan tabarma. A ciki akwai wata doguwar igiyar roba mai haƙora, ita ke tura sandar sama, ta tsinke gida biyu, tsohon giris ya daskare a kanta kamar ƙanzo. Ya kankare, ya wanke, ya samo wata igiyar daga cikin tarkacensa, ya miƙe sandar a tsakanin katako biyu yana murzawa a hankali. Da ya haɗa da batir, sandar ta tashi sumul, ta koma, sai ta shige ramin gaba ɗaya ta ɓace, don ɗan kan da ke tare ta a baki ya faɗi tun tuni.

Ya tsaya yana dube-dube. Sai na ga ya nufi ƙusar nan, ya yanko maɓalli ɗaya daga kwat ɗin Baba.

Na ce, "Yaya! Maɓallin Baba za ka manna wa motar mutane?"

Wannan karon ya ga bakina sosai, don a gabansa na tsaya. Ya ce, "Baba ya yi shekaru yana tafiya a kan ƙarfe. Bari ya ɗan zaga gari." Ya goge maɓallin da toka har ya yi ƙyalli, ya narka dalma ya liƙa shi a kan sandar. Na yi fushi ranar, har kular tuwon na kusa komawa da ita.

Bayan an cire tiyon, sai Martins ya koma Abuja ya bar motar, wai a daidaita ta sosai kafin ya dawo. Duk lokacin da Azariya ya tayar da ita ya taka totur ya saki, layin makanikai sai ya ɗauke wuta. Tssss, sannan ta-ta-tau! Mai kunu ta taɓa zubar da bokiti guda. Irfan ya je har gabansa, ya kama kafaɗarsa ya ce, "Azariya, motar nan kamar bindiga take. Kar ka fita da ita gari." Yayana ya yi murmushi ya ce haka ne. Shi abin da yake ji ɗan motsi ne kawai a tafin ƙafarsa da gadon bayansa, kamar mota na yin gyatsa, kuma yana ganin hakan lafiya ce.

Ana cikin haka aka shiga ƙauyen da ke hayin rafinmu. Ba zan ba da labarin wannan ba. Mun je jana'iza, mun ga ramin da aka haƙa, mai faɗi ne, kuma akwai yaran ajina biyu da suke zuwa daga can waɗanda ban sake kiran sunansu da safe ba. Daga ranar barci ya ƙaura daga ƙauyenmu. Faranti ya faɗi a kicin sai ka ga mace ta suri goyo. Mutane suka daina zuwa gona mai nisa, citta ta yi ta cika da ciyawa muna kallo.

Ranar Lahadi bayan sujada, dattawa suka tsayar da kowa a cikin coci aka kafa doka. Za a gicciye gungumen itace a hanya, daidai kwalbatin da ke kusa da gidana, don gidana ne na farko in ka shigo. Duk mai zuwa da mota ko babur, ko ɗan gari ne, sai ya buga waya tukuna. In ya iso kwalbati ya kashe inji, ya fito, ya nuna fuskarsa da hannuwansa. Wanda bai yi haka ba, samari su ɗauke shi a matsayin abin da ya zo yi. Da an danna hon, mata da yara su hau dutse.

Azariya yana wurin, ya zo gaisuwar makoki. Yana zaune a layin gaba, ya harɗe hannu, yana gyaɗa kai a duk inda ya ga wasu sun gyaɗa. Da aka fito na ja shi bayan coci, na tsaya a saitin kunnen daman na fara maimaita masa dokar da ƙarfi. Mutane suka waiwayo. Fuskarsa ta haɗe nan take.

"Na ji! Ni kurma ne da za ki tara mini jama'a?"

Ya fizge hannunsa ya tafi neman babur. Na gaya wa Celestine ya rubuta masa saƙo a waya, ya rubuta. Amma wayar yayana tana zama ne a cikin akwatin sifana, sai ta yi kwanaki a mace, don me zai yi da abin da ba ya jin ƙararsa? Na kwana ina juyi a kan zancen. Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali shi ne kullum a bayan ɗan acaɓa yake zuwa, kuma 'yan acaɓa sun san doka.

Na manta da ɗabi'arsa ɗaya. Azariya ba ya sallamar mota sai ya hau da ita hanyar Kagoro da kansa, ya ji ta a jikinsa a kan hawa da gangara. Yakan juya ne a Kagoro. A wannan Larabar, da yake ya tara ƙwallaye da yawa saboda abin da ya faru, sai ya ga ai ga mota ga hanya, bari ya ƙarasa gida ya kai wa ɗansa.

Da yamma ne, rana ta ɗan karkata, hadari na haɗuwa ta gabas. Ina tsakar gida ina tsince wake sai na ji wani sauti daga nesa, ta wajen gangaren rafi. Ta-ta-tau. Hannuna ya tsaya a cikin tire. Shiru. Sai kuma ya sake, kusa fiye da na farko. Ban ma gama miƙewa ba hon ɗin coci ya ɗauka.

Wanda bai taɓa ganin ƙauye yana gudu ba, ina roƙon Ubangiji kar ya nuna masa. Babu ihu sosai, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Sai ƙarar ƙafafu, da kukan jarirai, da wata tsohuwa tana kiran sunan jikanta a hankali kamar mai tsoron a ji. Tukwane na kan wuta aka bar su. Ni gwiwata ba ta hawa dutse, na daɗe da gaya musu in an zo a same ni a gidana. Na lallaɓa bayan katangar makewayi, inda akwai wata kafa da ke kallon kwalbati.

Na ga samarinmu suna shiga masara ta gefen hanya biyu, a sunkuye. Na ga Celestine. Ya durƙusa a bakin gonar da ke daura da katangata, kusa har ina ganin gumi a ƙeyarsa, ya ɗora bindigar a kan gwiwa. Yaron da na yi wa wanka, yaron da ba ya iya yanka kaza sai ya kau da kai.

Ban kawo motar Martins a raina ba, ko kaɗan. Irfan ya faɗa mini, amma ni ban taɓa jin ƙararta da kunnena ba, kuma mai jiran mutuwa ba ya tuna hirar gareji. Da ta ɓullo daga kwana, baƙa, a hankali saboda ramuka, laka ta shafe ta har gilas, abin da na gani kawai shi ne motar da ba ta da fuska. Ta zo ta tsaya a gaban gungumen.

Inji bai mutu ba. Ƙofa ba ta buɗe ba.

Wani daga cikin masara ya daka tsawa, "Kashe mota! Fito waje!" Aka sake faɗa da turancin buroka, aka faɗa da yarenmu. Hon ɗin coci na ta kuka a bayanmu. Motar tana nan tsaye tana gurnani.

Daga baya Azariya ya gaya mini abin da yake yi a ciki. Ya ga itace a hanya, ya ɗauka iska ce ta kayar. Bai ga kowa ba, garin ya yi masa shiru kamar yadda duniya take masa kullum. Sai ya ce bari ya taka totur ko wani zai ji ya fito ya taya shi janyewa. Ya taka, ya saki.

Tssss. Ta-ta-ta-tau!

Har wuta na gani ta fito ta bayanta. Masara ta motsa ta ko'ina. Celestine ya ɗaga bindigar zuwa kafaɗa, bakinta yana rawa. Sai kuma wani abu ya fara fitowa daga bayan motar, siriri, yana tsawo a hankali. Yayana ne ya kunna rediyo, wai in yara sun fito su ga eriya na tashi da kanta. Na ji wani ya ce, "Yana kiran sauran! Yana ba su sigina!"

Rana ta leƙo ta ƙarƙashin hadarin ta sauka a kan sandar, sai kanta ya yi walƙiya ja-ja. Na san wannan ƙyallin. Tun ina yarinya nake goge shi da toka duk daren Lahadi.

Ban san da wace gwiwa na zagayo katangar ba. Na dai ji muryata tana cewa, "Babanka ne! Celestine, babanka ne!" Muryata da ƙarar bindigar tare suka fita. Ban sani ba ko ihuna ne ya karkatar da hannunsa, ko rawar da yake yi ce, har yau ban sani ba. Gilashin ƙofar da ke ɓangaren fasinja ya tarwatse ya zube ciki.

Na faɗa kan bonet na baje hannuwa ina kiran sunan Yesu da sunan Azariya a haɗe. Hayaƙin toka ya bi iska ya shige masara. Babu wanda ya motsa.

Sai ƙofar direba ta buɗe. Ya fito a hankali yana karkaɗe gilas daga gashinsa, da ɗan jini a kunnen nan na hagu da ba ya aiki. Ya dube ni a kan bonet, ya dubi samarin da ke fitowa ɗaya bayan ɗaya da adduna da sanduna, ya dubi tagar.

"Wane ɗan banza ne ya jefi motar mutane?"

Wani dattijo ya yi saurin matsowa gabansa, ya buɗe baki sosai yadda zai gani, ya ce, "Dutse ne, Azariya. Yara ne suka tsorata. Ka yi haƙuri." Kafin nan wani ya riga ya zare bindigar daga hannun Celestine ya tura ta cikin kunyar masara, ya ja ciyawa ya rufe. Babu wanda ya shirya wannan ƙaryar, a tsaye aka haife ta, kuma duk garin ya karɓa.

Azariya ya yi ta faɗa a kan tarbiyyar yaran zamani. Sannan ya sunkuya cikin motar, ya ɗauko gwangwanin madara ya miƙa wa shugaban 'yan sintiri. Ya sake sunkuyawa ya ɗauko safar, ya kakkaɓe gilas daga jikinta, ya nemi ɗansa da ido. Celestine na tsaye a bakin masara, hannuwansa a sake, fuskarsa ta yi fari kamar wanda ya tashi daga jinya.

"Ga shi," in ji Azariya.

Celestine ya karɓa da hannu biyu. Bakinsa ya motsa, babu abin da ya fito. Uban ya gyaɗa kai, don a wurinsa haka godiyar take kullum.

A daren nan yaron bai ci abinci ba, washegari ma haka. Ya riƙa zama a bayan rumbu yana kallon tafin hannunsa. Ya ce mini, "Anti, kar ki gaya wa Baba. In ya sani, ba zan iya zama a garin nan ba." Na ce ba zai sani ba, wa zai faɗa masa, kuma ko an faɗa ta ina zai ji?

Asabar ta zagayo na sauka Kafanchan. Na tarar da motar a ƙarƙashin mangwaro, an sa sabon gilas, ƙofofi a buɗe, kujerun duka biyu a waje a kan tabarma.  Na manta cewa yayana ba ya mayar da motar mutum da ko ƙwayar gilas ɗaya a ciki. Sai ya bi kowane lungu da yatsa.

Irfan ya hango ni, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da waldarsa.

Azariya yana zaune a cikin shago, ƙarƙashin kwat ɗin Baba. Bai ce mini sannu da zuwa ba. Ya tura mini murfin kwalba a kan benci da ɗan yatsa. Ƙwallaye ne a ciki, ƙanana, sun yi baƙi da toka, wasu da ɗan soso a manne.

"Waɗannan daga cikin kujera," in ji shi. Ya ɗauki ɗaya ya riƙe dabam. "Wannan daga jikin ƙarfen ƙofata. Nan." Ya nuna bayan kunnensa, ya bar tazarar da ba ta fi faɗin yatsu ba. "Dutse, ko?"



"Na altaneta ne, Joanna. Mutum ɗaya nake ba wa irinsu."

Na zauna a bakin bencin. Na yi tsammanin zai yi faɗa, na ma fi son ya yi. Sai kawai ya riƙa juya ƙwallon a tsakanin yatsunsa, irin yadda yake yi in yana neman inda waya ta tsinke. Can ya ce ya mayar da tiyon bawul ɗin tun jiya, ya ɗaure da kilif biyu, in Martins na son atishawa ya je Abuja a yi masa. Ya ce Irfan ya kama hannunsa ya rubuta masa a ƙasa da tsinken walda abin da motar ke yi.

Sannan ya ce, "Kar ki gaya masa na sani. Yaron ya yi abin da aka sa shi ne. Ya tsare gari."

Hawaye suka zubo mini, na haushi da na tausayi a haɗe. Na kau da kai na ce, a hankali, don ba da shi nake ba, "Shi ma abin da ya roƙe ni ke nan."

Sai na ji hannunsa a kafaɗata. Ya juyo da ni, ya karkato kunnen daman nan har kusa da bakina. Tun muna yara ban taɓa jin wannan maganar daga bakinsa ba.

"Ban ji ba," in ji shi. "Sake faɗa."

Na sake faɗa, da ƙarfi, har mai kunu ta waiwayo. Ya ji. Bai ce haka ne ba. Hadari na ta gurnani ta wajen Kagoro.

Daga nan ya jawo ɗan kwanon fetur, ya juye ƙwallayen a ciki, ya wanke su ɗaya bayan ɗaya har suka koma fari. Ya shanya su a kan tsumma. Ya laluba ƙarƙashin benci ya zaro wata tsohuwar safa, ya zuba su, ya haɗa da sababbin da ya fasa a makon, ya ƙulle bakinta. Ya ce in tafi da ita in ba Celestine, don an ce an ga baƙin sawu a bakin rafi, kuma masara ba ta kai girbi ba tukuna.

Na sa safar a cikin jakar cefanena, a ƙarƙashin tumatir, na je na hau mota.